Kwanon Rufi a Ƙarƙashin Katifa

Duk wanda ya shiga ɗakin Maman 'Yan Biyu, gadonta ne zai fara ɗaukar idonsa. Ya yi tudu har sai ta taka 'yar kujera kafin ta hau, domin katifar a kan kwanon rufi take. Mijinta kafinta ne. Duk sanda ya samu aiki mai ɗan kauri sai ya sayo kwano falle-falle, su ɗaga katifa, ya jera shi yana raba shi da katako don kada ya yi tsatsa, su mayar da katifa. Ita ma abin da ta samu a ɗinki nan yake tafiya. Ba su da wani wurin ajiya, don ɗaki ɗaya suke da shi a gidan Inna, mahaifiyarsa, tun ranar da aka kawo ta. Ga keken ɗinki a lungu, ga 'yan biyu mata da tarkacensu, ga akwatunan aurenta da har yau ba a gama buɗewa ba.

Gidansu na kansu yana can bayan gari. Gini ya kai linta ya tsaya, ya sha damina biyu ba rufi. Magini ya riga ya ja musu kunne cewa ruwa yana shiga ta bakin bulo yana cin bango, in aka bari ya sha ta uku to sai dai a rushe wani sashe a sake. Shi ya sa bana suka ɗaura niyya. Kwano ya kusa cika, rufi kawai ya rage.

Wata safiya tana zaune a kan keke tana kalmasa bakin labule, Kafinta ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"Ranki ya daɗe, mai gadon sarauta! Jiya da kika juya na ɗauka hadari ne ya taso."

"Ka yi ta tsokana," ta ce tana dariya. "Ni in na ji ƙarar nan, ji nake ruwa ne yake sauka a rufin gidana."

"Gidanki ke kaɗai?"

"To, in ka yi ladabi zan ba ka ɗaki ɗaya."

Suna cikin haka sai ga sallamar Yaya, babbar yayarsa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Mace ce mai zuciyar kirki amma bakinta ba linzami. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"A'a, Uwar Labule, an sake wani? Ke dai Allah ya shirye ki! Taga ba ta da ko ƙyaure, kin ɗinka mata riga. Mutane na rataya labule a gida, ke kina rataya shi a mafarki."

"Yaya ina kwana? Ai na auna tagogin da tef ɗina, ba za su canja ba."

"Su tagogin ba za su canja ba, ke ce za ki tsufa kina jira!"

Maman 'Yan Biyu ta yi murmushi ta ci gaba da taka kekenta. Maganar ta soke ta, amma ta saba haɗiye irinta da salati. Ta san abin da ke ƙarƙashin katifarta, wannan ya ishe ta amsa.

Ana cikin haka ta ɗauki yara suka tafi gaida Ummanta a ɗaya gefen gari. Ranar da ta je da la'asar hadarin farkon damina ya haɗo, aka yi iska mai tumɓuke bishiyoyi, dole ta kwana. Washegari da azahar ta dawo, ta ajiye jaka, ta miƙa ƙafa tana laluben 'yar kujerarta kamar kullum. Sai ta tsaya cak. Katifa ce a ƙasa, shimfiɗe a kan tabarma. Ko falle ɗaya babu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ɓarayi!"

"Ba ɓarayi ba ne." Kafinta ne a bayanta, rigarsa duk ƙura, ya kasa haɗa ido da ita. "Iskar jiya ta yaye rufin Yaya gaba ɗaya. Ruwa ya ƙare a kansu ita da marayun nan. Inna ta zauna tana ta kuka, ta ce ga kwano a ɗakina, 'yar'uwata tana kwana a fili... Na kasa, wallahi na kasa cewa a'a."

"Duka?"

"Duka."

Ta zauna a kan katifar, ta ji kamar ta faɗa rijiya. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Abban 'yan biyu, wayarka ta lalace ne?"

"A'a."

"Lambata ta ɓace maka?"

"Na ɗauko zan kira, Inna ta ce kayan ɗanta ne, ba a neman izinin mace a kan zumunci. Ni kuma na ji tsoron kada ki ce..."

"Kada in ce me? Faɗi mana! Shekarun nan da muka yi muna ɗaga katifar nan tare, kai ka kama can ni na kama nan, ashe ba ka san wadda take riƙe da ɗaya gefen ba? Ka zaci zan bar marayu a ruwa don in rataya labule?"

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta yafa mayafinta, ta kama hannun yaranta, ta durƙusa ta gaida Inna a tsakar gida kamar yadda ta saba, ta fice sai gidan Ummanta.

Umma na jin labari ta tafa hannu. "Na faɗa miki! Tun yaushe nake faɗa miki? Mutumin da yake rufa wa duniya gidaje ya bar matarsa a ɗaki ɗaya kamar kaza a akurki! Yanzu ginin zai zube, ki koma ɗinka labulen wani shekara goma. Zauna nan. Ba inda za ki sai ya zo da manyansa."

Autarsu, 'yar makaranta, ta ɗago daga kan waya. "Anti, wallahi ki yi bulokin ɗinsa kawai. Ko sori bai ce miki ba fa! Wannan ai ba lob ba ne."

"Ke rufe min baki, me kika sani?" in ji Umma. Sannan ta juyo. "Amma dai ta fi ki hankali."

Maman 'Yan Biyu ta tashi ta ba su wuri. Ta yi alwala ta yi sallar la'asar, ta daɗe a kan sallaya. Ta lura da wani abu a zuciyarta: duk sanda ta tuna kwanon sai ta ji zafi kaɗan, in ta tuna wayar da bai kira ba sai ta ji kamar an ɗora mata dutse. Ta gane ciwonta ba a rufi yake ba. Kuma ciwon da miji ya jawo, zaman ɗakin Umma ba zai warkar da shi ba.

Da safe ta shirya. Umma ta tare ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Zan je in ga inda kwanona ya kwana, Umma. Ki sa min albarka. Ke kika koya min in duba abu da idona kafin in yanke hukunci."

Umma ta yi ƙwafa, ta kauce. "Allah ya sa kada ki dawo da kuka."

Tun daga bakin layi ta hango gidan Yaya. Katifu a shanye a kan katanga suna ɗigar ruwa, littattafan yara a baje a ƙasa an danne su da duwatsu, buhun hatsi ya jiƙe ya kumbura. A sama kuwa ga Kafinta yana buga ƙusa, sabon kwanonta yana ta walƙiya a rana. A gefe an tara tsohon kwanon da iska ta nannaɗe.

Yaya tana tsugune tana matse bargo. Da ta ɗago ta gan ta, sai bargon ya suɓuce. Karo na farko tun da aka kawo ta gidan, Maman 'Yan Biyu ta ga bakin Yaya ya mutu.

"Yaya sannu. Ya muka ji da wannan abu? Allah ya kiyaye gaba. Yaran ba wanda ya ji ciwo?"

"Ba... ba kowa." Yaya ta fashe da kuka. "Ƙanwata, ni na san kwanon waye a kaina. Da kin zage ni ma da na fi jin sauƙi."

"Zagi ba ya tare ruwa, Yaya. Tashi mu shanya bargon nan."

Sannan ta ɗaga kai. "Malam kafinta! Sauko, ina da magana."

Ya sauko jiki a sanyaye, guduma a hannu. Ta ja shi gefe inda ba mai ji.

"Kwano na yafe, har ga Allah. Da ka kira ni, da ni zan tsaya a nan ina miƙa maka shi falle-falle. Amma ka zalunce ni da ka yi min zaton rowa, ka kuma hana ni ladan bayarwa da hannuna. Ka bi Inna, ban hana ka ba, uwa ce. Sai dai abin da muka tara mu biyu, mu biyu za mu bayar."

Idanunsa suka kaɗa. "Na yi kuskure, kuma na ji kunya. Jiya a kan katifar nan ko runtsawa ban yi ba. Ki yafe min. Amma ginin fa? Damina ta riga ta shigo."

"Ginin ba zai zube ba, in Allah ya yarda. Wancan tsohon kwanon, in ka miƙe shi zai rufe ɗaki nawa?"

Ya je ya juya shi da ƙafa, ya duba. "In na daddage, ɗaya. Da faci."

"To ɗaya. Sauran bangon kuma, ba ta baki magini ya ce ruwa ke shiga ba? Ina buhunan simintin da muka tara a can? Zan ɗinka su dogo-dogo kamar zani, mu lulluɓe kan bango, mu danne da bulo."

Ya tsaya yana kallonta, sai dariya ta ƙwace masa. "Wato bangon ma sai kin ɗinka masa hula?"

"Wadda ta ɗinka wa taga riga, me zai hana?"

Haka kuwa aka yi. Yaya da 'ya'yanta mata suka wanke buhuna suka farke, Maman 'Yan Biyu ta hau keke, allura tana karyewa tana sakewa, har yatsunta suka yi kanta. Inna da kanta ta zo ta zauna kusa da ita tana riƙe mata bakin buhu. Ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, sai dai ta yi ta cewa, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Aka lulluɓe bango, aka rufe ɗaki ɗaya da tsohon kwano. Damina ta zuba iya zubarta, bango bai tsage ba. Masu gine-ginen da ke kewaye, waɗanda su ma nasu ya tsaya a linta, suka fara tambaya wa ya yi wannan dabara, suna kawo nasu buhunan a ɗinka musu su biya. Kafin ruwa ya ɗauke, aikin buhu ya fi ƙarfin kekenta, har sai da Yaya ta karɓi yanka da wanki. Gado ya soma tudu kuma. Kafinta kuwa ya koma ko ƙusa zai ba maƙwabci aro sai ya kira waya.

"Ranki ya daɗe, ana neman ƙusa uku. A bayar?"

"Kai dai Allah ya shirye ka! Bayar mana!"

Ba su tare ba sai da wata daminar ta kusa, bayan an rufe sauran ɗakunan da sabon kwano. Ranar, Umma ta zagaya ɗakuna tana taɓa bango, ta ce, "To, ba laifi," wanda a bakinta babban yabo ne. Yaya kuwa ta hana kowa taɓa labule. Ita ta hau kujera ta rataya su taga bayan taga, kowanne ya zauna cif kamar a jikinsa aka yanka.

"Uwar Labule," ta ce tana share ido da gefen mayafi, "ashe ke kina ganin gidan nan tun muna ganin kango."

Ɗakin tsohon kwano ba su sake masa rufi ba. Maman 'Yan Biyu ce ta hana, ta ce nan za ta kafa kekenta. Da ruwan farko ya sauko tana zaune a ciki, Kafinta ya leƙo da kofin shayi.

"Kin ji? Wannan karon ba gado ba ne."

Ta rufe ido tana sauraro, ta ce, "Alhamdulillah."

'Yan mata da samari, ku riƙe wannan. Haƙuri ba shi ne mace ta haɗiye magana har ta zame mata ciwo ba. Ta faɗi gaskiyarta cikin ladabi, sannan ta tsaya ta gyara. Kai kuma namiji, taimakon 'yan'uwa alheri ne, amma kada ka yi shi a bayan idon wadda kuke ɗaga katifa tare. Ka tambaye ta. Sau da yawa hannunta ya fi naka saurin bayarwa.