Kalmar Ranar Laraba

Gab da magaribar Laraba aka tsinci gawar Aondohemba a gonarsa ta doya a Shabu, kusa da Lafia, da saran adda a wuya. Ƙarfe uku matarsa ta bar shi da ransa. Gefen gawar ga sandar makiyayi an ajiye tsaf, kamar ta sayarwa.

Kafin Sufeto Muhibbat ta iso, masu shaguna sun fara rufewa, mata na jan 'ya'yansu cikin gida. An riga an kai mai sandar, Ibrahima, caji ofis. Samari kuwa sun tanadi galan na fetur, sun rantse ana binne gawa ranar Asabar rugarsu Ibrahima za su nufa. Ruga mai ƙananan yara goma sha ɗaya. Sufeto ta ƙirga kwanakin, ta wuce caji ofis.

"Ban taɓa taka gonar ba," in ji Ibrahima.

"Ƙarya kake. Kashin shanunka na can," in ji Sufeto.

"To, na bi ta gefe da safe. Amma wallahi, Madam, sandar nan tun Lahadi ta ɓace."

Washegari ta nufi gidan Tavershima, ƙanin mamacin. Duk Shabu an san shekara biyu suna rigimar iyakar gona, amma ranar kowa ya yi kamar ya manta. Tavershima ya fi kowa ihu, ido kuwa a bushe.

"Ina kake jiya, daga uku zuwa shida?"

"Ina lesin, Madam. Ajin manya na Tica Perpetua, a Bukan Sidi. Ga littafina."

Shafin Laraba cike yake. A sama an rubuta kalmar Turanci "carry", a ƙasa ma'anoninta: ɗaukar kaya a ka, goyon yaro, ɗaukar fasinja a mashin. Sufeto ta karɓe littafin. Saura kwana biyu.

Da ta isa ajin, ba kowa. Tica ta gudu garinsu tun asuba saboda tsoro. A bango ga takardar da take raba wa ɗalibai kowane wata, kowace rana da kalmarta da ma'anoninta. Laraba: "carry". Daidai.

Sai aka yi atishawa a bayanta. Mama Doofan ce, mai garin rogo, ɗalibar da ta girmi kowa, wadda labari ba ya kwana a cikinta. Ta leƙa littafin ba a gayyace ta ba.

"Wace Larabar?" ta tambaya.

"Jiya, Mama."

"Haba 'yata! Jiya da mura na shigo, na hana kowa sakat. Tica ta ce kalmar takarda ta jira, ta koya mana 'cold'. Ruwa ya yi sanyi, 'cold'. Mura, 'cold'. Wanda za ka gaishe shi ya share ka, irin surukata, shi ma 'cold'. Muka yi ta maimaitawa har mai shayin waje ya haddace."

Ta waiga ƙofa, ta rage murya.

"Mai littafin nan bai zo ba. A bencinsa na miƙe ƙafa. Don Allah kar ki ce ni na faɗa, ina da jikoki."

Ranar Juma'a Sufeto ta kira Tavershima ofis, ta zaunar da shugabannin samarin a gefe.

"Me aka koya muku Laraba?"

"'Carry', Madam. Na faɗa miki."

Ta jera littattafan ɗalibai shida a kan tebur, ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kowane shafin Laraba, "cold".

Tavershima ya kalli samarin, suka kalle shi.

"Daga takarda na kwafa da safe," ya ce da ƙyar. "Sandar a bakin rafi na ɗauke ta. Yayana ya ce ko taku ɗaya na gonar ba zai bar mini ba."

Kurtu ya danna masa ankwa, aka fitar da shi ta ƙofar baya. Aka buɗe wa Ibrahima, aka sallame shi.

Fetur ɗin samari a tankin mashinansu ya ƙare.

Sufeto dai ba ta ambaci sunan Mama Doofan ga kowa ba. Amma kafin la'asar duk kasuwar Lafia ta ji, daga bakin Mama da kanta.