Farar Alkyabbar Baba

Sunana Tuda. Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya...

A ƙauyenmu na gindin dutsen Ukaimedan, zamiya kan ƙanƙara wasan 'yan birnin Marakesh ne. Namu shi ne kai musu kaya a kan alfadari, kuma a wannan aikin ƙanƙara ta rufta wa Baba. Bana sai ƙungiyar ƙauye ta haɗa kai da masu otal, aka kawo katakan zamiya da jajayen riguna don a koya wa yaranmu kyauta. Hammu ne mai koyarwa. Hammun da nake so, wanda ya nemi aurena Inna ta ƙi ba shi amsa.

Ya zo neman izinin kai ƙanwata Itto koyon zamiya.

"Inna, ki ba ni Itto na yini ɗaya."

"Dutsen nan ya ci mijina, ka zo nema masa ƙari?"

"A hannuna take, Inna."

"To. Ko farcenta ya karye, ka manta hanyar gidan nan. Ka manta da Tuda."

Da safe ta murza jar rigar a jikin Itto, ta taɓe baki. "Wannan ledar ce za ta tare sanyi?" Ta ɗauko farar alkyabbar ulu ta Baba ta naɗe ta ciki. Hammu ya buɗe baki zai yi magana, ya dube ni, ya haɗiye.

Bayan azahar, muna kan dutsen, hazo ya sauko lokaci guda. Hammu ya tattara yaran. Ja, ja, ja... babu Itto.

"Tuda, rigar nan ba ado ba ce," in ji shi. "Don a hango su ne. Ina zan ga fari a cikin fari?"

"Ka nemo ta, masoyi... don Allah..."

Ya shige hazon. Ina jin kiransa yana nisa, iska na kwashewa. Can gefen hagu akwai kwazazzabon da aka tono Baba.

Ban san wa ya kai wa Inna labari ba. Sai ga ta a kan alfadarinmu, ko mayafi babu. Ba ta kalle ni ba. Ta sa hannu a kunne, ta saki dogon kiran da matanmu ke yi wa awaki daga tsauni zuwa tsauni, wanda Itto ta tashi tana ji.

Shiru. Ta sake.

Wata siririyar murya ta amsa daga hagu.

Inna ba ta daina kira ba, Itto na amsawa, Hammu na bin sautin, har ya fito da ita a kafaɗarsa, girarsa duk ƙanƙara.

Inna ta warware alkyabbar, jar rigar ta haska. Ta daɗe tana kallon alkyabbar da rigar.

"Ka ga haka da safe, ka yi shiru?"

"Tsoronki na ji, Inna."

"Sakarai. Mai tsorona ba zai iya riƙe 'yata ba." Ta duba yatsun Itto ɗaya bayan ɗaya, ta share ido. "Gobe ka faɗa min gaskiya, ko zan zage ka. Jibi ka turo manyanka."

Matan da suka taru suka ɗau guɗa, ana tambayar ina Tuda. Na rungumi alkyabbar Baba, don kunya na sulale ta bayan alfadarin tun kafin wani ya waiwayo.