Tabon da Ke Ƙarƙashin Tukunya

Kwana goma sha biyu ke nan da Mama ta tafi jinyar ƙanwarta. Auta kuwa kewa ta ishe ta.

Ba su fi wata biyu da tarewa a wannan bene ba. Yaya yana makarantar kwana. Baba direban bas ne, sai yamma liƙis yake dawowa. Idan Auta ta taso daga makaranta, ita ke buɗe ƙofa, ita ke yin sallama. Babu mai amsawa sai ƙugin firji.

Ranar da Mama za ta tafi, ta tsaya a kicin ta shafa murhun gas ɗinta. Fari ne tas, mai kai huɗu. Mama ba ta taɓa barin ko ɗigon mai ya kwana a kansa ba.

"Auta, na bar miki amanar kicin ɗina," in ji Mama. "Ai kin girma."

Ranar nan bakin Auta har kunne.

Kwana uku da tafiyar Mama, Auta ta ɗora madara a wuta. Sai ta jiyo shewa daga ƙasa. Ta leƙa ta taga. 'Yan mata uku ne suke tsallen igiya. Ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ta tsaya tana kallo, tana ɗaga ƙafa a hankali kamar da ita ake yi.

Ƙauri ne ya dawo da hankalinta. Madara ta tafaso, ta zube, ta ƙone a kan murhu.

Da ta goge a ranar, da magana ta ƙare. Amma ina! Sai ta jawo babbar tukunyar dafa ruwa ta ɗora a kan wurin.

"Gobe zan goge," ta ce.

Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka. Kullum da safe Baba yana kunna wuta a ƙarƙashin tukunyar. Da kofi yake ɗibar ruwan wanka, bai taɓa ɗaga ta ba. Kullum kuma tabon yana ƙara gasuwa.

Ranar Asabar da safe, Baba yana ɗaura takalmi ya ce, "Albishirinki. Yau da yamma Mamanki za ta dawo."

Auta ta yi tsalle. Sai kuma ta tuna da tabon.

Baba na fita ta ɗaga tukunyar. Wurin ya yi baƙi ƙirin, ya taurare kamar kwalta. Ta ɗauko wuƙa ta fara kankarewa. Ƙiii! Wuƙar ta zame, ta ja dogon layi a kan farin fenti.

Hankalinta ya tashi. Ta buɗe kabad ta zaro kwalbar maganin goge murhu. Akwai rubutu a bayanta, amma Auta ba ta tsaya karantawa ba. Ta rufe taga, ta rufe ƙofa, don kada maƙwabta su ji wari su san abin da ta yi. Murhun bai ma huce ba, ta feshe shi sosai, ta sa hannu tana dirza.

Wani tururi mai yaji ya taso. Ya shige mata hanci. Idanunta suka cika da hawaye, yatsunta suka ɗau zafi. Ta fito baranda a guje tana tari.

Ƙofar da ke kallon tasu ta buɗe. Tsohuwa mai ɗinki ce ta fito, da tef ɗin awo a wuyanta. Auta takan ji ƙarar kekenta kullum, amma ko gaisawa ba su taɓa yi ba.

"Subhanallahi! 'Yar nan, me ya same ki?"

Auta ta nuna kicin. Tsohuwar ta toshe hanci da gefen mayafi, ta shiga ta buɗe taga. Ta tabbatar gas a kashe yake. Sannan ta tara hannun Auta a famfo, ta wanke mata fuska.

"Ina mamanki?"

Nan Auta ta fashe da kuka, ta faɗi komai.

"Ke kaɗai kike wuni, ga ni nan taku uku da ke?" in ji tsohuwar. "Lallai ƙawata, kin iya rowar gaisuwa."

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba. "Kunya nake ji, Kaka."

"Kunyar ce ta sa kika rufe taga, ko? To karanta mini bayan kwalbar nan. Tabarauna yana ɗaki."

Auta ta karanta. A bar murhu ya huce. A buɗe taga. A sa safar hannu. A ajiye nesa da yara.

"Maimaita na ƙarshen," in ji Kaka.

Auta ta sunkuyar da kai.

Kaka ta leƙa ta taga ta ƙwala wa jikarta kira, ta ce ta kawo safar roba. Sai ga yarinya ta hawo tana haki. Ɗaya ce daga cikin masu tsallen igiya!

Da murhun ya huce, Kaka da kanta ta fesa maganin kaɗan.

"Yanzu sai me?" Auta ta tambaya.

"Sai jira. Minti goma sha biyar. Bar shi ya jiƙa, shi zai yi aikin."

Suka zauna a baranda su uku. Yarinyar ta ce, "Kullum muna ganin ki a taga. Mun ɗauka ba kya son wasa ne."

"Ina so mana!" in ji Auta da sauri.

Sau uku Kaka tana fesawa, suna jira, tana gogewa da soso mai laushi. Baƙin ya riƙa saki kaɗan-kaɗan. Auta ta sa safa ta ɗauraye da ruwa, ta tsane da tsumma. Murhu ya dawo fari. Amma layin wuƙa yana nan.

"Wannan kam babu maganin da zai fitar da shi," in ji Kaka.

Auta ta kalli babbar tukunyar. Ta daɗe tana kallon ta. Sai ta ɗauke ta, ta kai ta ƙarƙashin tebur.

Da yamma Mama ta iso. Auta ta rungume ta ƙam. Kafin Mama ta cire takalmi, ta ja ta zuwa kicin ta nuna mata layin.

"Ni na yi, Mama. Na ƙona madara na ɓoye. Ki yi haƙuri."

Mama ta shafa layin da yatsa. Sannan ta kama hannayen Auta tana juya su. Yatsun sun yi ja.

"Murhu ƙarfe ne, Auta. Waɗannan hannayen su ne nawa. Kada ki sake taɓa maganin nan sai da babba a kusa. In kin yi ɓarna, ki faɗa da wuri. Kin ga ɓoyewa ba ta gyara komai ba, ƙara gasa shi ta yi."

"Na ji, Mama. Kin fasa ba ni amanar kicin ɗin?"

"Wadda ta nuna mini laifinta da kanta? Ban fasa ba."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Jikar Kaka ce, da igiya a hannu.

Daga ranar Auta ta gane cewa laifin da aka ɓoye ƙara girma yake yi, kuma neman taimako ba abin kunya ba ne.

Ta sauka daga bene da gudu. Yau Mama ce a taga, tana kallon 'yan mata huɗu suna tsalle.