Ungulu a Ƙirjin Dogo

"Ungulu!"

Kalmar ta fito ne daga bakin mutumin da ke zaune kusa da ita, da ƙarfin da sai da ta zabura.

Auta ta ɗago ta dubi saurayinta Dogo. Tuni ya miƙe tsaye, gangarsa rataye a kafaɗa, yana nuna 'yan wasan da suka shigo fili cikin sababbin riguna. A ranar ce ƙungiyar ƙwallon kwandon garin, wadda kowa ke kira Shaho, take nuna sabon tambarinta, zauren wasa kuwa ya cika maƙil ba masaka tsinke.

"Jama'a ku taya ni gani! Wannan ne shaho? Wallahi ungulu ce!"

Ya doki ganga, dam!

Layin bayansu ya karɓa, na gaba ya karɓa, kafin ƙiftawar ido zauren gaba ɗaya ya ɗauka.

"Un-gu-lu! Un-gu-lu!"

Auta ta ƙura wa ƙirjin 'yan wasan ido, tana fatan a ce sharri ne irin na magoya baya. Ina! Wuyan tsuntsun ya miƙe zololo, hasken fitilu ya shanye farin gashin da ke wuyan, sai ɗan kai can sama kamar mai sanƙo.

Ita ce ta zana shi.

Kamfanin zanen talla da take wa aiki ne ya samu aikin, aka ja musu kunne kada wanda ya yi magana sai ranar nunawa. Ita kuwa shirun ya yi mata daɗi, don so take ta ba Dogo mamaki. Shi ne shugaban magoya baya, ya taɓa saka rigar Shaho a jikinsa kafin gwiwa ta raba shi da wasa ya koma gyaran waya. A cikin jakarta yanzu haka akwai sabuwar riga a naɗe, an rubuta DOGO a bayanta.

Ya sunkuyo kanta yana haki.

"Zumata, ke da kike aikin zane, don Allah wane ɗan koyo ne ya yi mana wannan ta'asa?"

"Ban... ban sani ba."

"Ko waye, hannunsa bai cancanci riƙe fensir ba! A ba shi tsintsiya ya je ya yi shara!"

Ta yi murmushin yaƙe, ta tura jakar ƙarƙashin kujera da ƙafa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu za ta shige.

*

Washegari da hantsi Baba ya kafa rediyo a falo, ana shirin wasanni, masu sauraro suna ta bugo waya. Auta tana guga a gefe, kowace magana tana sauka a kanta.

Wani ya ce launin rigar kamar labulen asibiti. Wata ta ce lambobin sun yi ƙanana, sai ka sa tabarau kafin ka gane ɗan wasa. Wani bawan Allah ya ce shi dai ratsin gefen ya burge shi, aka katse shi tun bai rufe baki ba.

Sai ga muryar Dogo.

"Ni na zubar da gumi a cikin tsohuwar rigar nan. Shahonmu na dā ba shi da ado, amma in ka gan shi ka san zai yi fyauce. Tambari ba kwalliya ba ne, fuskarmu ce. Yanzu in mun je wasa wani gari, da wace fuska za mu shiga?"

Baba ya ƙara murya.

Shi fa Baba tun yana saurayi yake bin Shaho, amma bai taɓa ƙaunar Dogo ba. Tun ranar da ya ji yana neman Auta ya ce mai ganga ba ya riƙe gida, mutumin da sana'arsa ihu ba zai zama surukinsa ba. Auta ta yi kuka, Mama ta yi lallashi, Baba ko gezau.

Yau sai ga shi yana gyaɗa kai.

"Ashe yaron nan yana da hankali?"

Mama ta leƙo daga kicin. "Wane yaro?"

"Mai gangar 'yarki mana. Gaskiya ya faɗa. Wanda ya zana abin nan, daga gani ba a yi masa tarbiyya a gidansu ba. Ni ba ma shi nake zargi ba, ubansa nake zargi!"

Dutsen guga ya tsaya a hannun Auta.

"Auta, ki ce masa ya zo mu sha shayi."

Abin da ta daɗe tana roƙon Allah ke nan. Ga shi ya zo, amma a kan gawar zanenta.

Dogo ya zo da yamma, ya durƙusa ya gaida Baba, kafin shayi ya huce sun zama kamar ɗa da uba. Baba ya ce ungulu da kan zabo aka yi musu. Dogo ya ce ai da ma kan zabon ne da sauƙi, wannan ungulu ce da kan ungulu. Suka kwashe da dariya har Baba yana share hawaye.

Auta tana zuba musu shayi tana lissafi a ranta. In ta yi magana, Baba zai tuna wanda ya zagi 'yarsa a gaban dubban mutane, ƙofar da ta buɗe ta sake rufewa. Shi kuma Dogo da wane ido zai kalle ta? Sai ta haɗiye maganar.

Da ta raka shi bakin ƙofa ya dube ta yana murna kamar yaro.

"Zumata, kin ga ikon Allah? Ungulun nan ta yi mana rana!"

"Ta yi kam..."

"Me ya sami idonki?"

"Tururin shayi ne."

*

A ofis ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta, wanda ya fi zagi ciwo. Ta zauna tana kallon mutum-mutumin da ke tsaye a lungu, irin wanda ake rataya wa kaya a shago. A jikinsa ta gwada rigar, shaho ya fito ras, fukafukai a buɗe. Don murna ta ce wa masu buga riguna su ja tambarin ya cika gaban kowace riga daga wuya zuwa ciki. Ta manta mutum-mutumin tsawonsa ɗaya da ita, 'yan ƙwallon kwando kuwa sai sun sunkuya suke shiga ƙofa. Riga ta ƙara tsawo ba ta ƙara faɗi ba, wuyan shaho ya bi ta.

"Sannu da zuwa, uwar ungulu."

'Yar Gayu ce, abokiyar aikinta wadda aka ajiye zanenta aka ɗauki na Auta. Ita ce kuma wadda wayarta ba ta sati ba ta lalace ba, kuma duk garin nan shagon Dogo kaɗai ya iya gyara ta.

"Na ji saurayinki zai tara magoya baya gobe a ƙofar shagonsa, wai sai an faɗa musu wanda ya yi zanen. Kin gaya masa kuwa?"

Auta ta kawar da kai.

"Ayya! Ba ki gaya masa ba?" Ta juya wayarta a hannu tana murmushi. "Kin ga kuwa tawa ta fara ɗaukewa tun safe..."

*

Da Auta ta iso ƙofar shagon washegari, mutane sun cika titi. Ta zo ne da niyyar ta ja shi gefe ta faɗa masa, amma ta makara. Dogo yana tsaye a kan benci, 'Yar Gayu tana gabansa ta sha kwalliya kamar mai zuwa gasar kyau.

"Ba faɗa muka zo yi ba," in ji Dogo. "Wanda ya yi wannan aiki ya fito ya dube mu ido da ido, shi ke nan!"

'Yar Gayu ta ɗaga hannu.

"Ai ba sai kun wahala ba. Ni na san mai zanen, kuma ba ta da nisa da..."

"Ni ce."

Muryar Auta ta fito 'yar ƙarama, amma kowa ya ji.

"Ni na zana shi. Kuskurena ne, ba na kowa ba. Ku yi haƙuri."

Titi ya yi tsit. Wani daga baya ya ce, "Kai! Ba budurwar shugaba ba ce?" Wani ya fashe da dariya, na kusa da shi ya zungure shi.

Makaɗin ganga ya suɓuce daga hannun Dogo ya faɗi ƙasa.

"Zumata... ke?"

Ba ta iya kallon fuskarsa ba. Ta juya ta kutsa cikin mutane, hawaye na wanke mata fuska.

Labari ya riga ta isa gida. Ta tarar da Baba yana safa da marwa a falo.

"'Yata? 'Yata zai ce a ba wa tsintsiya? A gaban duniya? Kada na ƙara ganin ƙafarsa a gidan nan! Da ma na faɗa, mai ganga..."

Mama ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Malam, shi dai hannunta ya zaga."

"To ƙarami ne?"

"A'a. Amma na ji wani a falon nan ya ce mai zanen ba ta da tarbiyya, kuma laifin ubanta ne. Shi wannan wane gida za mu hana shi shiga?"

Baba ya tsaya cak. Ya nemi kujera ya zauna, ya cire hularsa yana jujjuya ta.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Auta... ratsin gefen nan fa ya yi kyau."

Ta durƙusa gabansa tana kuka tana dariya, ya dafa kanta.

*

Dogo bai kira ba. Ita ma ba ta kira ba. Kunya ta tsaya a tsakaninsu, kowa yana ganin shi ne ba shi da bakin magana.

Ƙungiya ta ce a gyara tambarin, amma sai an gama wasannin bana a cikin rigar da ake da ita. Auta tana tsaye gaban mutum-mutumin wata rana da rana, tana liƙa masa sabon zane, sai ta ji ofis ya yi shiru.

Ta waiwaya. Dogo ne ya sunkuyar da kai yana shigowa ta ƙofa.

'Yar Gayu ta miƙe da sauri. "Lah! Ka zo karɓar wayar tawa ne?"

"Wayarki lafiyarta ƙalau. Kullum ma lafiyarta ƙalau."

Ya wuce ta ya tsaya gaban Auta. Duk tsawonsa sai ya zama kamar ya ragu.

"Na kasa zuwa. Duk lokacin da na ɗauki waya sai na ji muryata tana cewa tsintsiya... kina zaune a gefena, Zumata. Kina gefena!"

"Gaskiya ka faɗa. Ungulu ce."

"Game da tsuntsu na faɗi gaskiya. Game da hannun nan ƙarya na yi."

Ta sunkuyar da kai. "Ni ma na yi maka ƙarya. Ka tambaye ni na ce ban sani ba. Na bar ka kana ta magana har ka ji kunya a gaban mutanenka."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Na ga Baba yana dariya da kai... ban taɓa ganin haka ba, Dogona. Na ji tsoron in ɓata."

Ya kalle ta. Sai ya juya ga mutum-mutumin, ya auna shi da hannu, kan mutum-mutumin ko kafaɗar Dogo bai kai ba.

"Wannan gajeren ne ya ja mana?"

"Shi ne."

Ta buɗe jakarta ta ciro rigar da ta daɗe a naɗe. "Taka ce. Ranar nan na so in ba ka. Ba sai ka saka ba."

Ya warware ta, ya ga sunansa a baya. Ya zura ta a kan rigar jikinsa. Wuyan tsuntsun ya miƙe zololo tun daga ƙirjinsa har ciki, ya fi na kowa muni.

Auta ta toshe baki, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Cire, don Allah cire!"

"Ba zan cire ba. Kuma ki sallami gajeren nan daga aiki. Daga yau duk abin da za ki zana, a jikina za ki gwada. In kin yarda... har ƙarshen rayuwata."

"Aikin tsayuwa ne fa, ba a motsi, ba a ihu."

"Ihun ne dai ban yi alkawari ba."

*

Ranar wasa na gaba zauren ya sake cika. Magoya baya duk sun zo cikin tsohuwar riga don nuna fushinsu. Mutum ɗaya ne ya shigo da sabuwa, ganga a kafaɗa, Auta tana biye da shi kanta a ƙasa.

Mutanensa suka yi masa caa.

"Shugaba ya sayar da mu!"

"So ya rufe masa ido!"

"Ungulu! Ungulu!"

Dogo ya tsaya a tsakiyarsu, kunnuwansa sun yi zafi, amma ya buga ƙirjinsa daidai kan tsuntsun.

"Ungulu ce, ban canza magana ba! Amma tawa ce!"

Auta ta ɗago kai a karo na farko tun ranar nan. A layin gaba ta hango wani dattijo ya tare kujeru biyu da sandarsa, yana yafito su da hannu. Ya saka babbar riga ya rufe jikinsa ruf, amma daga wuyanta wani ɗan kai mai sanƙo yana leƙowa.

"Ku zo ku zauna," in ji Baba yana gyara wuyan rigarsa. "Kai kuma surukin banza, ka doki gangar nan da kyau, kada su ji abin da ake ce mana."