Tabon Da Ke Bayan Auta

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, tsakar gida ya yi tsit, Hedimasta na zaune da hotuna a shimfiɗe a kan tebur, sai dutse na farko ya faɗo a kan rufin kwano. Bai ko ɗaga kai ba. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa kafin ya yi ritaya, ya san jifan yara. Amma dutse na biyu ba daga waje ya zo ba. Daga bayan tankin ruwa ya gangaro a hankali, ya tsaya a gaban ƙafarsa. Da ya taɓa shi sai ya ji ɗumi, kamar yanzu aka sake shi daga tafin hannu.

Asalin abin daga safiyar ranar ne. Ya ɗauki iyalinsa hoto da tsohuwar kyamararsa mai fim, da aka wanko sai ga wani farin tabo, dogo, siriri, a bayan kafaɗar 'yarsa Auta. Ya nufi shagon mai wankin hoto yana huci.

"Da ɗalibina ne ya yi wannan aikin, sifili zan ba shi. A sake wankewa, kuma a ba ni haƙuri a rubuce!"

"Zauna tukuna, Baba, kada jininka ya hau a shagona," in ji mai wankin. Ya ɗaga fim ɗin saitin fitila, ya daɗe yana dubawa. "Da ƙasa ce ta shiga kyamara ta karce shi, da layi zai tafi sambal daga farko har ƙarshe. Da haske ne ya sato ta murfin baya, da ja-ja zai fito daga gefe, har ya ci ramukan bakin fim. Ruwan wanki in ya bushe, zagaye yake bari kamar sawun kofi. Fumfunar gilashin kyamara kuwa ba ta zaɓen mutum, kowane hoto take shafa."

"To, wannan fa? Ba ni amsa guda."

Mai wankin ya ajiye fim ɗin, ya goge hannunsa a riga. "Hoto shida kaɗai ya fito a ciki, waɗanda ka tsayar da ita a gindin tanki. Ta gilashi ya shiga, Baba, yadda 'yarka ta shiga. Dubi ƙasan hoton, tabon nan har da inuwarsa. Karce ba ya da inuwa."

Hedimasta ya ce wannan uzurin malalaci ne. Ya koma gida, ya zaro jan biro, ya kewaye tabon a kowane hoto, ya soke shi yadda yake soke kuskuren ɗalibi. Bai huce ba. Ya ɗauko reza, ya kankare tabon daga jikin fim ɗin, ɗaya bayan ɗaya, har shida.

Yanzu ga dutse mai ɗumi a hannunsa. Ya waiga, ya ga Auta tsugune a gindin tanki, ta dafe kuncinta. Matarsa ta fito daga kicin tana kiranta, ba ta amsa ba. Da uwar ta janye mata hannu, sai ga layi shida jajaye a kuncin, sirara, babu jini.

Kwana uku aka yi haka. Da rana gidan lafiya lau. Da zarar inuwa ta rufe tsakar gida, duwatsu su fara sauka, famfon tanki ya buɗe kansa, wata murya kamar ta tsohuwa ta riƙa ƙirga daga ɗaya zuwa shida, ta sake komowa. Auta, wadda surutunta ke hana kowa sakat, ta daina magana, ta daina cin abinci. Hedimasta ya rubuta takardar ƙorafi a kan 'ya'yan maƙwabta, amma ya kasa sa hannu.

"Ajiye biron nan," matarsa ta ce a hankali. "Yarinyar nan tafiya take yi. Na aika a kira mai ruƙiyya."

Mai ruƙiyyar dattijo ne marar yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya zauna a tabarma nesa kaɗan da Auta, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Iska ta tsaya. Can sai yarinyar ta ɗago kai, idonta a kan ubanta, bakinta ya buɗe da muryar da ba tata ba.

"Ka ce wa mai tabarau ya matso."

Hedimasta ya matso.

"Wace ce ke, kuma me yarinya ta yi miki?" mai ruƙiyya ya tambaya.

"Ba ta yi mini komai ba. A gindin tankin nan nake tun ba a kafa tubalin gidan ba, ban taɓa ko cokalinsu ba. Shi ya zo ya haske mini ido sau shida, na yi shiru. Ya shafa mini ja, na yi shiru. Sai ya sa reza a fuskata. To, ya ga yadda reza take a fuskar tasa."

"Zalunci ne ki kama wadda ba ta yi laifi ba. Ki ji tsoron Allah, ki fita."

"A ba ni idonsa na dama, wanda yake leƙe da shi."

"Ba za a ba ki ba." Ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Auta ta ƙanƙame jikinta, ta yi ƙara har uwar ta toshe kunne.

"Tsaya! Tsaya! To, a ba ni fim ɗin da hotunan, a binne inda nake. Kada a sake nuna ƙarfen ɗaukar hoton nan wajena. Kuma ya faɗa da bakinsa."

"Ya faɗi me?"

"Ya sani. Ya sa yara dubu sun faɗa masa."

Hedimasta ya buɗe baki zai ce ai bai san da kowa a wurin ba, kuma doka ba ta kama wanda bai sani ba. Sai ya dubi wuyan 'yarsa, yadda ya rame cikin kwana uku. Ya tattaro hotunan da fim ɗin, ya tona rami da hannunsa a gindin tanki, ya rufe. Sannan ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Na yi kuskure," ya ce. "An gaya mini, ban ji ba. Ki yi haƙuri. Ki sakar mini 'yata."

Famfon ya ɗiga sau ɗaya, ya tsaya. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. Ta jima kafin ta buɗe ido, ta dubi baƙon dattijo, ta dubi ƙasar da ke hannun ubanta.

"Baba," ta ce da 'yar muryarta, "wa ya sa ka durƙuso?"