'Yar Gyartai da Hoton Kasuwa

A wani gari can da, an yi wata yarinya mai haɗa hoto da tarkace. Babanta gyartai ne, mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya, a wurinsa ta koyi ɗinki. Ta tsinci sakaina, ta tsinci ƙyallen tela, ta tsinci guntun fatar dukawa, ta ɗinke su a kan tabarma. Sai ga hoton kasuwar garin, har da rumfuna da jakuna.

Wata attajira ta gani, ta ce, "Zan rataye shi a ɗakina. Amma wannan ɗinkin kamar na gyartai. 'Yar gyartai ce ke?"

Yarinyar ta ce, "A'a, ranki ya daɗe."

"To, zare shi, ki manna da ƙaro."

Ta zare ɗinkin rumfuna, ta manna. Ta zare ɗinkin jakuna, ta manna. Aka rataye. Da ƙaro ya bushe, rumfa ta faɗo, jaki ya faɗo, sai tabarma kawai ta rage a bango.

Ta ƙulle tarkacenta a zani ta koma gida. Ta tarar da babanta da ƙwarya a cinya.

"Baba, ara mini basilla."

Ya miƙa mata, ya matsa ta zauna.