Kwatar da Jimrau Ya Rage

Ranar da Jimrau ya fara ganin Raliya, zaginsa take yi, sai dai ba ta san shi take zagi ba.

A rumfar cajin salula ne, bakin tashar Dakoro. Ta miƙa wa mai rumfar wayarta ta ce, "Don Allah goge mini wasan nan. Wanda ya ƙirƙiro shi ba shi da imani."

Mai rumfar ya nuna benci da haɓa. "Ga shi nan zaune, faɗa masa da kanki."

Jimrau ya yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi, ya dawo gida da difloma da wasa guda. Sunan wasan Tashi Ka Sake. Yaro ne a kan katako mai ƙananan tayoyi huɗu, yana gangarawa kan gudron, titin kwalta, yana tsallake duwatsu da jakuna da kwatoci. A garin da rairayi ke haɗiye tayar babur, babu wanda ya taɓa ganin irin katakon da ido. Babban yatsan hagu shi ne ƙafar hagu, na dama ƙafar dama, kuskure ɗaya ka koma farko. An buɗe zaure a WhatsApp don a koya wa juna, ya koma wurin tsine wa Jimrau. Wani daga Birnin Lalle ya rubuta, "Na san gidanku." Duk da haka ba wanda ya goge wasan.

Raliya, malamar lakwal, wato makaranta, ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne? Me mutane suka yi maka?"

"A ina kika tsaya?"

"Kwata ta ƙarshe."

Jimrau ya miƙe tsaye. Ban da shi, babu mahaluƙin da ya taɓa kaiwa can. Ba a goge wasan ba ranar, musayar lamba aka yi. Daga nan saƙonni suka fara kai da kawo tsakaninsu.

"Azzalumi, yau ma na faɗa. Ka ci abinci?"

"Gwanata, ki jira tayar gaba ta taɓa baki kafin ki ɗaga. Na ci. Tunaninki ya hana ya zauna."

"Wannan ma ƙarya ce irin ta kwatarka. Amma ci gaba."

Mahaifinta Intalla, mai fataucin raƙuma, tambaya ɗaya ya yi da ya ji labari. "Sana'arsa me?"

"Yana yin wasa, Baba."

"Na ji. Sana'arsa fa?"

Ga kuma mai neman aurenta, Zaharaddini, mai kantin maganin dabbobi, wanda sana'arsa ke da ƙofa da kwaɗo. Intalla ya ce ba zai tilasta ta ba, amma bayan Babbar Salla dole ya ba mutanen Zaharaddini amsa.

A wannan tsakani ne Jimrau ya yi abin da masoya ke kira tausayi. Yatsan Raliya ya kumbura, ta turo masa, "Na gaji. Ƙila ban iya ba ne." Ya zauna ya rage faɗin kwatar, ya tura mata ita kaɗai, ya ce gyara ne.

Ta tsallake. Ta sa bidiyon a zaure da murna.

Zaharaddini, wanda ashe shi ma yana buga wasan a ɓoye, ya jera hoton kwatarta da ta kowa. Tata ko akuya mai ciki za ta tsallake. Zaure ya kwashe da dariya, dariyar ta bi ta har ɗakin malamai.

"Da zagina ka yi da ya fi," ta rubuta. "Ka dube ni ka ga wadda ba za ta iya ba. Kada ka sake kirana."

Ya kira. Ya rubuta. Ya shiga zaure ya ce laifinsa ne shi kaɗai, aka tsine masa kamar kullum, wannan karon da hujja. Ya je wurin gwaggonta, ta ba shi fura da nasiha. Raguna suka fara cika kasuwa, duk kukan rago ɗaya sai ya tuna wa Jimrau cewa Salla ta matso.

"Raliya, ko tsinuwa ce ki turo. Shirun nan ya fi ƙarfina."



Sai ga saƙo, Intalla na nemansa.

Abin da ya faru shi ne Raliya ta mayar da wasan na ainihi, ta daina cin abinci a kansa. Intalla ya ƙwace wayar don ya ga abin da ke cinye masa 'ya. Ya gani. Tun ranar bai je kasuwa ba.

Jimrau ya durƙusa a zaure, kai a ƙasa. Tsohon ya turo masa wayar.

"An ce ka iya rage kwata. To cire mini jakin farkon nan. Ka cire shi, in ba ka Raliya."

Bayan zana, awarwaro ya yi ƙara sau ɗaya ya yi shiru. Jimrau ya san hannun. In ya ce to, ya samu uba ya rasa 'yar. In ya ce a'a, ya san inda ƙofa take. 

"Baba, ka gafarce ni. Na yi wa mutum ɗaya rangwame, mutuncinta na zubar. Jakin yana nan. Amma zan zauna da kai har ka tsallake shi."

"Ni kake ƙi a gidana?"

"Na ƙi, Baba."

Intalla ya daɗe yana gyara rawani. "Tun ina saurayi nake cinikin raƙuma. Dillalin da ya iya ce mini a'a, wurinsa nake komawa." Ya yi tsaki. "Turo magabatanka. Kuma matso, wane yatsa ne ƙafar hagu?"

Kafin ya kai gida salularsa ta yi ƙara.

"Azzalumina, na ji. Amma ba za a ɗaura ba sai na tsallake ta gaske."

Aka sa rana, ranar ta matso, kwata ba ta matsa ba. Jimrau ya rame har telansa ya sake gwada shi. Ana gobe ɗaurin aure, a rumfar caji, gaban shaidu har da Zaharaddini, Raliya ta jira tayar gaba ta taɓa baki, ta ɗaga. Katakon ya sauka a ɗaya gefen. Ango ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

An ɗaura aure da hantsi. 'Yan zaure suka yi ta addu'a: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a masu imani fiye da ubansu. Mutumin Birnin Lalle ya cika alkawari, ya zo gidan, da kaji biyu.

Intalla ya sa musu albarka har da ƙwalla, sannan ya ja surukinsa gefe. Har yanzu tsohon yana wurin jakin.